Allo a Cinya, Ido a Waje: Yadda Nake Amfani da Waya da Tabulet a Ƙaramin Jirgi

Ina yaro a Zariya, gidanmu ba shi da nisa da Palladan, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964. Ƙananan jiragenta kan wuni suna zagaye a kanmu, mu kuwa mu bar ƙwallo mu ɗaga kai har wuya ya gaji. Allah bai nufa tuƙi ya zama sana'ata ba. Aikin haɗa magunguna ne ya kawo ni Ingila, kuma sai da na haura shekara 40 na samu sukunin shiga wani ƙaramin kulob a arewacin Landan, na yi lasisin matuƙi mai zaman kansa. Yanzu sau biyu ko uku a wata nakan ɗauki hayar Cessna 152 mai kujera biyu, in je bakin teku ko wani filin ciyawa, in sha shayi, in dawo kafin magariba.

Samarinmu da ke koyon tuƙi a nan, ko a Afirka ta Kudu, ko a Amurka, kan turo mini tambaya guda: wace manhaja za su saya? Amsar wannan gajeriya ce, kuma zan ba da ita. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne koyon zama da na'urar a cikin jirgi. Kwamfutar hannun nan da ake kira tabulet, ni allo nake ce mata, tunda a cinya take zama kamar na makarantar allo. Abin da shekaru suka koya mini shi ne, yawancin aikin allo a ƙasa ake gama shi. In an tashi, kallon madubin mota ake yi masa: ka leƙa, ka mayar da ido gaba.

Abin da za ka saya

Fara da GPS. iPad iri biyu ne, akwai mai Wi-Fi kaɗai, akwai mai karɓar layin waya. Mai Wi-Fi kaɗai ba shi da GPS a cikinsa. A gida zai nuna maka inda kake, don yana lalubo wurin ta Wi-Fi ɗin unguwa, sai ka ɗauka komai daidai. Ka hau ƙafa 2,000 kuwa, ɗigon nan zai tsaya cak. Ka sayi mai karɓar layi ko da ba za ka sa masa layin ba. GPS ba ruwansa da data, kai tsaye yake sauraron taurarin ɗan'adam, kuma sai ya kama aƙalla 4 kafin ya san wurinka da tsayinka. Allunan Android da yawa suna da shi ko ba layi, amma ka karanta bayanin na'urar kafin ka biya. Wanda ya riga ya sayi marar GPS, akwai 'yar na'urar da ake haɗawa da shi ta Bluetooth ko Wi-Fi ta cike giɓin.

Girma kuma, inci 8 ya isa. Faɗin cikin Cessna 152 kusan mita 1 ne, maza biyu kafaɗa na gugar kafaɗa. Allo mai inci 11 ko 13 yana da daɗin kallo a falo, a jirgi kuwa sitiyari zai riƙa dukansa duk sanda ka jawo shi. Idan tabarau ɗinka na rana irin masu tace ƙyalli ne, ka sa su a shagon ka juya allon tsaye da kwance. Wasu fuskokin sukan koma baƙi ƙirin a ɗaya daga ciki.

Manhaja tana bin ƙasa. A Ingila da yawancin Turai SkyDemon aka fi riƙewa. A Amurka ForeFlight ce a gaba, ita kuma a iPhone da iPad kaɗai take aiki, sai Garmin Pilot da ke aiki a Android ma. Kuɗin shekara ake biya, kuma galibi suna ba da gwajin wata guda kyauta. Shawarata, ka ɗauki wadda malaminka da 'yan kulob ɗinku ke amfani da ita, don ka samu wanda za ka tambaya. Ka san guda ɗaya ciki da bai, har yatsanka ya san inda kowane maɓalli yake. Ka sa ta a wayarka ma, da hanyar tafiya iri ɗaya, domin wayar ita ce ta ko-ta-kwana.

Daren da gobe za ka tashi

A teburin gida ake fara tafiya, inda intanet ke da ƙarfi kuma babu injin da ke cin kuɗin haya. Da farko ka buɗe manhajar ka bar ta ta sabunta bayananta. A duk duniya bayanan sararin sama kan sauya ne bisa zagayen kwana 28: a canza mitar rediyon wani fili, a faɗaɗa wani hurumi (yankin sama da ba a shiga sai da izini), a rufe wani titin sauka. Allon da ya yi wata biyu a jaka tsohuwar iyaka zai nuna maka.

Ka sauke taswirar duk yankin a cikin na'urar. Eriyoyin kamfanonin waya ƙasa suke kallo, shi ya sa da ka haura ƙafa dubu biyu zuwa uku sabis zai riƙa zuwa yana ɗaukewa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka yanke intanet gaba ɗaya, ka bi hanyarka daga farko har ƙarshe, ka buɗe zanen filin da za ka sauka da na filin da ka tanada in an samu matsala. Abin da ya ƙi buɗewa a falo ba zai buɗe a sama ba. Sabunta iOS ko Android kuwa, ka hana na'urar yin sa da kanta, kuma kada ka yi shi ana gobe tafiya.

Sannan ka ja hanya. Manhaja miƙaƙƙen layi za ta ba ka daga nan zuwa can. Ni nakan karya shi a kan abubuwan da ido zai gane daga sama: madatsar ruwa, mahaɗar layin dogo, babbar hanyar mota, gari mai siffa ta daban. Duk mil 15 zuwa 20 ina son alama guda. Jirgin da nake tuƙawa not 90 yake yi, wato mil 90 na ma'aunin jirage a awa, don haka duk minti 10 zuwa 13 akwai abin da zan leƙa in tabbatar.

Inda allo ya yi wa taswirar takarda nisa shi ne hoton gefe da yake zanawa a ƙasan fuskarsa, mai nuna abin da ke samanka da abin da ke ƙarƙashinka. Hurumin manyan jirage a kewayen Landan kamar matakalar bene yake da aka kife. Kusa da Heathrow, Luton ko Stansted ya taɓo ƙasa, kana yin nisa yana ɗagawa. A wurare da yawa gindinsa ƙafa 2,500 ne, a wasu sassa kusa da Stansted 1,500. Wanda ya kutsa ba izini, ko da ƙafa 100 ne, dole mai kula da rada ya nisanta manyan jirage da shi, wani lokaci har a dakatar da tashi, ɗaruruwan fasinjoji na zaune suna jira. A Birtaniya ana samun irin wannan kutse sama da 1,000 a shekara, kuma hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, CAA, takan tura mai laifi kwas ko ta dakatar da lasisinsa. Abin da ake koya mana shi ne barin tazarar mil 2 a gefe da ƙafa 200 a sama tsakaninka da kowace iyaka. Ka gina wannan tazara cikin hanyar tun a tebur.

Sai NOTAM, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa kan sauyi ko hatsari a hanya. A da shafuka ne na guntayen baƙaƙe masu gajiyar da ido, yanzu manhaja na zana su da'ira-da'ira a kan hanyarka. Ka taɓa kowace ka karanta. A watannin zafi jiragen wasan Red Arrows kan sa a rufe wani yanki na ɗan lokaci. Akwai wuraren masu dirowa da laima. Akwai filayen jirage marasa inji, inda ake jan su sama da igiya har ƙafa 2,000 ko fiye, igiyar da ba za ka gan ta ba sai ka iso kanta. Akwai ma ranar da za a sanar cewa sojoji na atisayen toshe GPS a yanki kaza. Duk lokutan da ke ciki na agogon UTC ne, agogon bai ɗaya da harkar jirage ke bi a duniya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila na gaba da shi da awa 1, kamar yadda na Najeriya da Nijar yake duk shekara. Ka san wanne allonka ke nunawa.

Lissafin nauyi ma allo na yin sa cikin ƙiftawar ido, sai dai abin da ka ba shi, shi zai dafa maka. Bara yayana ya kawo mini ziyara daga Zariya, na ce zan kai shi ya ga teku daga sama. Iyakar nauyin Cessna 152 a tashi laba 1,670 ne, kilo 757. Wanda muke haya, a takardar awonsa, kilo 535 yake ba kowa ba mai. Saura 222. Ni 84, Yaya 92, jaka 4, abin da ya rage wa mai kilo 42 ke nan. Litar man jirgi kilo 0.72 ce, don haka lita 58 kaɗai zan iya zubawa, alhali tankunan na ɗaukar kusan 93. Injin na shan lita 23 a awa. Doka ta ce in sauka da man minti 30 da rana, ni awa guda nake bari, sai ya zama tafiyar awa ɗaya da rabi gare mu. Da na bar nauyin da manhajar ta zo da shi na sabon jirgi daga masana'anta, da ta ba ni izinin man da fiffiken ba zai ji daɗin ɗauka ba. Ka shigar da lambobin wannan jirgin da za ka hau, daga takardarsa. Ka kuma duba ma'auni: galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5. A 1983 wani Boeing 767 ya ƙare da mai a sararin Kanada saboda an cakuɗa laba da kilo.

Abu na ƙarshe kafin barci, alƙalami. Nakan kwafe alƙibla, mintuna da mitocin rediyo na kowane zango a kan kati, in ja layin hanyar a taswirar takarda mai ma'aunin 1:500,000, in ninke ta yadda yankin zai kasance a sama. Minti goma ne.

Da safe ka sake buɗe yanayi. METAR shi ne abin da ake gani yanzu a fili, TAF kuma hasashe. Manhaja na fassara su da launuka, kore lafiya, ja hatsari, amma ka koyi karanta asalin. Idan ka ga 27012KT 9999 SCT025 Q1018, ana nufin iska daga yamma not 12, ana hangen kilomita 10 ko fiye, gajimare jefi-jefi a ƙafa 2,500 sama da filin, matsin iska 1018. Ka dubi lokacin da aka fitar da shi. Kore na awa uku da suka wuce ba shaida ba ne a kan yanzu.

Mazauni, wuta da zafi

Ranar 21 ga Yuli, 2022, wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook da ke aikin kashe gobarar daji ya faɗa kogin Salmon a jihar Idaho ta Amurka, matuƙansa biyu suka rasu. Masu binciken NTSB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, sun gano cewa allo ne ya faɗi ya maƙale a jikin feda, ya hana ta motsi. Tun da na karanta rahoton ban sake ajiye na'ura sake a cikin jirgi ba. Nawa a cinyar dama yake, ɗaure da maɗauri mai roba. Masu manna shi a gilashin gefe, su sani abin mannawar kan saki in an hau sama ko rana ta gasa shi, don haka a ƙara masa 'yar igiya. Duk inda ka sa shi, kada ya rufe maka agogunan jirgi ko wani yanki na sama. Kafin tashi, lokacin da kake gwada sitiyari gaba da baya, hagu da dama har ƙarshe, ka yi gwajin allon na mazauninsa da igiyar cajinsa a jiki.

Ka nisanta shi da kamfas. Akwai maganaɗisu a jikin alluna da rigunansu. Ka gwada da kanka a ƙasa: kawo shi kusa da kamfas ɗin da ke saman gilashin gaba, ka ga yadda yake karkata.

Batir ya cika taf kafin ka bar gida. Haske a ƙure da GPS a kunne suna shan wuta, nawa ba ya kai awa 4. Idan za ka yi caji a jirgi, ka san wutarsa: wasu ƙananan jirage bolt 12 ne, Cessna 152 kuwa 24, kuma cajar mota da ba ta karɓar 24 ƙonewa za ta yi. Caja mai arha tana da wata illar, takan zuba shuuu a rediyo har ka kasa jin hasumiya. Ka kunna rediyon a ƙasa, ka soka cajar, ka zare, ka saurari bambanci. Ni fawa-bank na fi so, a aljihun gefe inda hannuna ke kaiwa. Duk batirin da ya fara kumbura kada ya shiga jirgi. In na'ura ta fara hayaƙi, ruwa ake zuba mata don ta huce, ba a lulluɓe ta, a buɗe hanyar iska, a nemi fili mafi kusa.

Zafi ne ya taɓa kama ni. Wata Asabar a watan Yuli na sauka wani ƙaramin fili kusa da teku, na ciro allon daga cinya na ɗora a kan dashbod, na tafi cin abinci. Awa guda ya yi yana shan rana ta cikin gilashi. Da na dawo na ji shi da ɗumi, na ɗaure shi, na soka caji, na tashi. Minti goma sha biyar da tashi, daidai inda gindin hurumi ke saukowa daga ƙafa 3,500 zuwa 2,500, fuskar ta yi baƙi, sai rubutu cewa na'urar na buƙatar hucewa. Gabana ya faɗi. Na ji hannuna na son ya kama danne-danne, sai maganar malamina ta faɗo mini, wani dattijo da ya yi shekaru yana koyarwa: tuƙa jirgi tukuna, sannan ka nemi hanya, sannan ka yi magana. Na daidaita fiffike, na sauko ƙafa 2,200 tun kafin in iso iyakar, na dubi katina: alƙibla 285, saura minti 6 in ga madatsar ruwa. Na ciro waya daga aljihun riga, ta nuna ina kan layi. Sannan na kira masu rada na gaya musu inda nake. Allon kuwa na zare masa caji, na cire shi daga rigarsa, na kara shi a bakin bututun iska. Bayan kamar minti goma ya farfaɗo, lokacin har madatsar ta wuce ta ƙarƙashin fiffiken hagu.

Laifina ne, kuma abubuwa uku na haɗa masa: rana, caji, da riga mai kauri. Masu ƙera waɗannan na'urori da kansu sun faɗa, Apple misali ya ce a yi amfani da su tsakanin digiri 0 da 35. Cikin jirgin da ke fake a rana ya wuce haka ko a Ingila. Yanzu da na kashe inji, allo jaka yake shiga, jakar kuma ta bi ni.

Bayan an tashi

Kafin ka kunna inji ka sa na'urorin biyu a saitin jirgin sama, GPS zai ci gaba da aiki. Ka kashe duk sanarwar WhatsApp da makamantansu. Daga titin tashi har ka bar zagayen da jirage ke yi a kan fili, da kuma daga shiga zagaye har ka tsaya, hannu ba ya taɓa allo.

Lambobi biyu ne a fuskarsa suke yaudarar sabon matuƙi. Na farko tsayi. Allo daga taurari yake auna shi, iyakokin hurumi kuwa da ma'aunin tsayin jirgi ake yanke su, mai aiki da matsin iska, wanda kake saitawa da lambar QNH. A ranar sanyi sosai, allo na iya nuna 2,400 alhali ma'aunin jirgi ya haura 2,500, kuma wannan na biyun shi mai rada ke hukunci da shi. Haka in ka manta sabunta QNH: kowane maki ɗaya kusan ƙafa 30 ne, don haka in matsin gaskiya 1023 ne kai kuma kana kan 1013, kana ganin 2,300 amma kana wajen 2,600. Na biyu gudu. Allo gudunka a kan ƙasa yake nunawa, fiffike kuwa iskar da ke ratsa shi ya sani. Ina saukowa da not 65, in iska na busowa ta gaba da not 20, allo 45 zai rubuta. In ta baya take turo ni a wani ɓangaren zagaye, zai rubuta 85, kuma wanda ya yarda da shi ya rage gudu yana kusa da ƙasa, fiffike na iya sakinsa. Tsayi da gudu, agogunan jirgi ake tambaya.

Sai maganar ido, wadda ita ta fi damuna. Jirage biyu masu not 90 in suka fuskanci juna, mil 3 suke cinyewa a minti. Ka hango shi a mil ɗaya da rabi, daƙiƙa 30 gare ka. Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa daga hangowa zuwa jirgi ya fara kaucewa ana cin daƙiƙa 12 da rabi. Jirgin da zai yi karo da kai kuma ba ya motsi a gilashi, ɗigo ne tsaye kamar kashin ƙuda, sai a ƙarshe ya buɗe gaba ɗaya. To ka lissafa abin da daƙiƙa 20 na neman mitar rediyo a allo ke ci. Ƙa'idata ita ce leƙe ɗaya kada ya wuce daƙiƙa 3. In aikin ya fi haka, in raba shi: danna ɗaya, ɗaga kai, share sama daga hagu zuwa dama, sannan danna na biyu.

Akwai ƙananan na'urori irin su SkyEcho da PilotAware da ke kama siginar wasu jirage su zana su a allonka, SkyEcho kuma yana shelanta wurinka ta tsarin ADS-B. Ina da guda, kuma ta sha nuna mini jirgi kafin idona ya kama shi. Sai dai wanda ke shela kaɗai take ji. Jirage marasa inji galibi wani tsarin suke amfani da shi mai suna FLARM, wasu tsofaffin jirage ba su da komai, kuma jikin jirginka da naka na iya tare siginar. Ranar da na ɗauki Yaya, allo fes yake ba kowa, sai ya dafa mini hannu.

"Ƙanena, wancan farin abin fa, a dama, ƙasa da mu kaɗan?"

"Na gan shi, Yaya. Allah ya saka da alheri. Ci gaba da duba mini wannan gefen."

Jirgi marar inji ne yana juyi a ƙarƙashin gajimare. Tun kafin mu tashi na ba shi wannan aikin, na kuma roƙe shi ya bar ɗaukar hoto sai na ce masa yanzu. A watan Mayun 2014 wani Cessna 150 ya faɗi da dare kusa da Watkins a jihar Colorado, mutum biyu suka rasu, kuma NTSB ta ce ga alama ɗaukar hoton kai da waya ya taimaka wajen ɗauke hankalin matuƙin.

Wani hatsarin ya fi wannan ɓoyuwa. Layin nan mai haske a kan taswira yana sa wa mutum ƙarfin zuciya. A da, in gari ya fara rufewa, tsoron ɓata kan sa matuƙi ya juya. Yanzu ya san inda yake daidai, sai ya ci gaba da kutsawa ƙarƙashin gajimaren da ke ta saukowa. Allo zai gaya maka garin da ke ƙarƙashinka, amma riƙe jirgi daidai a cikin gajimare horo ne na daban. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois a 1954, matuƙa 20 marasa wannan horo, da aka rufe musu ganin waje, a matsakaici daƙiƙa 178 suka yi kafin jirgi ya ƙwace musu. Hoton ruwan sama da allo ke nunawa ma tsoho ne, yana iya zama na minti 15 ko 20 da suka wuce. A wasu wurare doka ta yarda a tashi da hangen mita 1,500, wanda a guduna tafiyar kusan rabin minti ce. Ni in bai kai kilomita 8 ba, ina ƙasa ina shan shayi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda zai yi tuƙinsa a gida, duk wannan ya shafe shi, har da ƙari. Kano a watan Afrilu takan kai digiri 40, wato tun kafin a shiga jirgi an wuce iyakar da aka yi wa na'urar, don haka inuwa da iska dole ne. Filin Malam Aminu Kano na kan ƙafa 1,562, amma a irin wannan zafi inji da fiffike ji suke kamar suna wajen ƙafa 4,900, kuma manhaja za ta lissafa maka tsawon titin da kake buƙata in ka ba ta zafin gaskiya. Hazon hunturu kuma shi ne ainihin yanayin da layin taswira ke ruɗin mutum ya ci gaba. Waɗannan manhajoji an fi gina su don Turai da Amurka, saboda haka ka gwada abin da suka nuna da littafin bayanan sararin sama na NAMA, hukumar kula da sararin saman Najeriya, yanayi kuma ka karɓa daga NiMet, hukumar hasashen yanayi.

Sau ɗaya a wata nakan zaɓi zango guda, nesa da kowane hurumi, in kife allon a cinya, in tafi da kati, agogo da taswira kaɗai. Ka fara yin haka da malami ko wani matuƙi a gefenka, shi yana kallon nasa. Bayan ka sauka, ka buɗe sawun tafiyar da manhajar ta adana ka ɗora shi a kan layin da ka ja. A na watan jiya, zangon mil 18 ne zuwa wata mahaɗar layin dogo. Na iso a minti 13 maimakon 12, kuma sawun ya nuna na zame mil ɗaya da rabi zuwa arewa, don iskar kudu maso yamma ta fi yadda aka yi hasashe ƙarfi. Na rubuta a bayan katin: a zango na gaba, duba alamar tsakiya tun a minti na 6.